An ce babu gado, Baba ya yi awanni a cikin motar asibiti: ina mafita?

Maman Husna, Kubwa:
Assalamu alaikum. Ranar Talata Babanmu ya faɗi a banɗaki, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. A ƙaramin asibitin unguwa aka ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, abin ya fi ƙarfinsu. Suka rubuta mana takarda, muka biya kuɗin motar asibiti zuwa cikin garin Abuja. Babban asibitin farko ko sauke shi ba a yi ba, daga bakin ƙofa aka ce babu gado. A na biyu likita ya shigo har cikin motar ya duba shi, Allah ya saka masa, amma ya ce sai mun jira. Tun la'asar har bayan isha'i Baba na kwance yana kallona, tukunyar oksijin na ƙarewa. An kwantar da shi yanzu, sai dai magana ba ta dawo ba. Don Allah, doka ta yarda a mayar da mara lafiya haka? Me ya kamata mu yi tun farko?

Anti Nas, Gwarimpa:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa, kuma wannan kalma ta babu gado tana yi mana ciwo mu ma. Gadon gaggawa ba wurin kwana ba ne, wurin ceto rai ne kafin a wuce da mutum ɗakin kwanciya. To idan can ciki ya cika, wanda ya kamata ya wuce tun jiya yana nan a wurinmu, ƙofa ta toshe. Wani an sallame shi amma bai gama biyan kuɗi ba, wani yana jiran tiyata da aka ɗaga. Wani lokaci kuma ga gadon kina gani, amma babu oksijin a jikinsa, ko babu nas da za ta tsaya a kansa, domin abokan aikinmu da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya. Ga shi asibitocin Maitama, Asokoro, Wuse da Gwagwalada ba mutanen Abuja kaɗai suke ɗauka ba, har da na Mararaba, Masaka, Suleja da Madalla.

Amma inda aka ƙi ko leƙa Baba, wannan ba daidai ba ne. Shanyewar ɓarin jiki ba ta jira, kowace awa ƙwaƙwalwa na ƙara lalacewa. Ko a mota ne sai a duba numfashi, a auna jini da sukari.

Ɗan Zuba:
Hajiya, sannu da jinya. Ni direban motar asibiti ne. Abin da ba a gani shi ne, muddin mara lafiya na kan gadon motata, ba ni da ikon zuwa ɗauko wani, ko da haɗari aka yi a hanyar Kaduna. Shawarata: kada ki yarda mota ta tashi sai likitan da ya tura ku ya buga waya can, an ce a kawo shi. Yawancin yawon da muke yi da marasa lafiya, takarda kawai aka miƙa wa dangi aka ce Allah ya kiyaye hanya.

Malam na Garki:
A kan doka: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Akwai kuma shirin NEMSAS, wato shirin gwamnatin tarayya na taimakon gaggawa da motocin asibiti, da aka fara a Abuja a 2022, mai ɗaukar nauyin awa 48 na farko a asibitocin da ke cikin shirin. Lambar gaggawa 112 ce. Ki rubuta ƙorafi ki kai teburin SERVICOM, wato wurin karɓar koken jama'a, na babban asibitin farko da ya ƙi sauke Baba, da rana da lokaci.

Maman Husna, Kubwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ƙorafin zan rubuta, yayana ya riƙe lokacin da muka isa. Anti, an ce za a fara yi wa Baba gashin ƙashi. Idan aka sallame mu, a Kubwa za mu iya ci gaba, ko dole sai mun riƙa dawowa cikin gari?