Facin da aka karɓa ya ƙi fita daga reshena a Git, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masana Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen da ake yi wa lambar shirin kwamfuta (code), ina neman agaji.

Na tura jerin faci (patch, wato gyare-gyaren lambar shiri) zuwa wata buɗaɗɗiyar manhaja ta imel, da `git format-patch` da `git send-email`. Mai kula da manhajar ya karɓi na farko, amma kafin ya shigar da shi babban reshe (branch, wato babban layin ci gaban manhajar) sai da ya sauya sunan wani aiki (function) a ciki, ya kuma gyara layi biyu. Sauran ya ce in sake gyarawa in turo zagaye na biyu.

To, a nan gizo ke saƙa. Da na yi `git rebase` don in sake ɗora facina a kan sabon babban reshe, Git bai gane cewa facina na farko ya riga ya shiga ba. Na fahimci dalili: da `patch-id` (shaidar da Git ke lissafawa daga abin da facin ya sauya) yake kwatantawa, kuma gyaran mai kula ya sauya shi, shi ya sa `git cherry` ke nuna alamar + a gabansa, wato kamar bai shiga ba. Sai rikici (conflict) ya ɓarke a fayil ɗin da facin ya taɓa. In na tsallake shi da `--skip`, facin da ke biye ya ƙi zama, tunda tsohon sunan yake kira. Na kunna `rerere`, mai tuna yadda aka warware rikici a baya, amma shi rikicin rubutu kawai yake tunawa, ba ruwansa da lambar shirin da ta ƙi haɗuwa (compile).

Shin `git rebase --onto` ne daidai, sannan in bi facin ɗaya bayan ɗaya ina sauya sunan da hannu? Kuma `git range-diff` zai nuna wa mai kula bambancin zagayen biyu alhali tushensu ba ɗaya ba ne?

Allah ya saka da alheri.