Keken enduro (na gangara duwatsu) a hanyar Aburi, kusa da Accra: ni ne ban iya ba ko haka yake?

ɗan_Nima:
Salamu alaikum jama'a. Yayana ne ya aiko min da keke ƙirar Specialized Enduro daga Jamus, na hannu ne amma da sauransa, shokozoba mai nutsewa milimita 170 gaba da baya, taya inci 29. Ranar Asabar na hau ta Ayi Mensah zuwa Peduase sannan na shiga hanyar ƙasa ta cikin gonaki. A gangara kam ba magana, kamar kana zaune kan katifa. Amma chale in na zo kwana a hankali sai kan keken ya riƙa faɗuwa gefe, tayar gaba na neman zamewa, ga feda sau uku tana dukan dutse har na kusa cin ƙasa. Tsohon kekena bai taɓa min haka ba. Ko firam ne, wato gangar jikin keken, ya lanƙwashe a kwantena?

mai_gyara_Madina:
Wa alaikumus salam. Ba abin da ya lanƙwashe ƙanina, haka aka ƙera shi. Tsaya gefe ka dubi fok ɗin, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, za ka ga ya miƙe gaba kamar mai hamma, kusurwarsa wajen digiri 64 ce, irin tsofaffin kekuna kuwa 69 ko 70 suke. Shi ya sa daga taya zuwa taya ya wuce mita 1.2, kuma shi ya sa ba ya wurga ka ta kai a gangara. To amma tayar gaba ta yi maka nisa, kai kuma na san ka saba ja da baya in ka ji tsoro, sai ka bar ta ba nauyi, dole ta zame. Matso gaba, haɓarka saitin kan keke, buɗe gwiwar hannu, ka kwantar da keken cikin kwana maimakon murza kai.
Maganar feda kuma, gindin firam ɗin ƙasa-ƙasa yake da gangan. Amma auna iskar shok na baya, in ka zauna ya nutse kamar kashi 30 cikin 100 na iyakar nutsewarsa, in ya wuce haka ƙara iska. Da famfon shok fa, ba na taya ba.

Aboabo_boy:
Malam ya gama magana. Ni dai tambayata, sau nawa za ka je Aburi a wata? Keke ya haura kilo 15, a kwalta kamar kana jan amalanke, ga shi ranar da shok ya fara yoyon mai sai ka jira mai zuwa daga Turai ya riƙo maka kayan gyara. Mu nan Kumasi da mai shok a gaba kaɗai muke gangara tafkin Bosomtwe kuma lafiya lau.

ɗan_Nima:
Hhh kyauta ce ɗan'uwa, ba a mayarwa. Malam na gode, wallahi tun da ya iso ban taɓa iskar ba, kuma na fi yayana ƙiba sosai. Kana da famfon a shago in shigo gobe bayan la'asar?