Ninja 400 zai wadatar a filin tsere, ko sai na nemi babba?

Mai Koren Babur:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka taɓa shiga filin tsere da baburansu ne, a ranakun da ake buɗe shi wa 'yan sha'awa, ba ranar gasa ba.

Ni asalina mahayin keke ne, irin mai siraran tayar nan na doguwar tafiya. Daga baya na sayi Kawasaki Ninja 400, ba don zuwa aiki ba, don nishaɗin ƙarshen mako kawai. To yanzu titi ya fara isata. Duk inda na hango kwana mai daɗi, sai in tarar da yashi a tsakiyarta, ko babbar mota ta shigo hannuna, ko wani ya yi fakin a inda ba a tsayawa. Rabin hankalina na kan abin da zai ɓullo, rabi na kan babur, saboda haka ban ga ina ƙaruwa da komai ba. So nake in je inda kowa ke bin fuska ɗaya, in sha kwana ɗaya sau da yawa har in gane ta.

Da na faɗa wa wani abokina sai ya yi dariya, wai idan na shiga fili da 400 za a yi ta wuce ni ne har in ji kunya, gara in sayar in ɗauko mai cc 1000 tukuna. Maganarsa ta ɗan shige ni. Shin gaskiya ne? Kuma sabon da na yi da keke zai amfane ni ko cutar da ni zai yi? Me ake bukata in gyara a jikin babur ɗin kafin a bar ni in shiga?

Dattijon Fili:

Wa alaikumussalam ƙanena. Kar ka sayar da babur ɗin nan. Abokin naka ko dai bai taɓa shiga fili ba, ko kuma ya shiga amma miƙaƙƙiyar hanyar kaɗai ya tuna.

Ka fara sanin yadda ranar take. Ba tsere ake yi ba, babu na ɗaya babu na ƙarshe. Ana raba mutane rukuni-rukuni, yawanci uku: sabbin shiga, matsakaita, da ƙwararru. Kowane rukuni ya shiga kamar minti 20 ya fito, na gaba ya shiga. Da safe akwai bayanin ƙa'ida wanda dole kowa ya halarta, sannan sabbin shiga su bi bayan malami zagayen farko a hankali don su ga layin. A rukuninku ana ƙayyade inda za a wuce mutum, kuma nauyin wucewa lafiya yana kan mai wucewa ne. Shi ya sa ake cewa ka rufe madubi. Kai dai ka riƙe layinka, kar ka waiwaya, kar ka kauce wa kowa don kara. Kaucewar ba-zata ce ke haddasa karo.

Batun girma kuma. Ninja 400 yana da ƙarfin doki wajen 45, manyan nan masu cc 1000 suna kai 200. Wanda bai iya kwana ba idan ya hau mai 200, abin da ke faruwa shi ne ya ƙure maleji a miƙaƙƙiya, tsoro ya kama shi tun daga nesa, ya taka birki da wuri, ya rarrafa cikin kwanar, ya sake buɗe wuta. Haka zai wuni, ya koma gida bai koyi komai ba sai murɗa totur. Kai da ba ka da ƙarfin da za ka ɓoye a bayansa, dole ka koyi shiga kwana da gudunka, ka fita da shi. Nan ne duk ilimin yake. Kuma kar ka raina shi: a 2018 Ana Carrasco 'yar Sifen ta ci kambin duniya na ajin ƙananan babura da ake kira Supersport 300 a kan Ninja 400, ita ce mace ta farko da ta ci kambin duniya a tseren babur na kwalta.

Abu biyu nake so ka je ka koya, ido da birkin gaba. Babur inda ka kalla yake zuwa. Idan ka ji kwana ta yi maka yawa ka zuba wa tsakuwar gefe ido, to cikin tsakuwar za ka tsinci kanka. Ka juya kanka gaba ɗaya, haɓa da komai, zuwa mafitar kwanar. Birki kuwa, binciken da Harry Hurt ya fitar a 1981, wanda ya bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles na Amurka, ya nuna yawancin mahaya idan abu ya taso musu birkin baya suke dannewa har taya ta ja, su bar na gaba bai yi aikinsa ba. Alhali da zarar ka fara tsayawa nauyi kan tayar gaba yake komawa, ita ce mai riƙon. Matsawa ake yi a hankali sannan a ƙara ƙarfi, ba cafka ba. A titi ina za ka gwada wannan daga gudun kilomita 150? A fili kowane zagaye sai ka yi shi, a wuri ɗaya, da alama a gefen hanya da za ka auna kanka da ita. Ka kuma riƙe wannan lissafi: gudu idan ya ninka biyu, nisan tsayawa ninka huɗu yake yi.

Tutoci ka haddace su tun daga gida. Rawaya, akwai haɗari a gaba, rage gudu, ba wucewa. Ja, an tsayar da zagayen, a koma wurin fakin a hankali. Mai ratsin ja da rawaya, kwalta na da santsi. Baƙa idan an nuna maka, kai ake kira. Idan wani ya faɗi a gabanka kar ka tsaya taimako, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, tsayawarka haɗari na biyu ce.

Uwar Keke:

Malam, ni ma daga keke na zo, bari in amsa maka wannan ɓangaren.

Abin da zai bi ka ya amfane ka yana da yawa. Ka riga ka san kallon nesa, ka san shiga kwana daga waje, ka taɓa ciki, ka fita waje, kamar yadda ake yi a gangaren dutse. Har ma yadda ake kwantar da abin hawan ɗaya ne: idan za ka yi dama, hannun dama kake turawa gaba kaɗan, sai ya kwanta dama. A keke jikinka na yi ba tare da ka sani ba saboda ba shi da nauyi. Babur ɗinka ya kusa kilo 170, ga gudu, don haka sai ka tura da gangan. Ga kuma ƙarfin jiki. Minti 20 cikin rigar fata kana matse tanki da cinya ba wasa ba ne, da yamma za ka ga waɗanda ba sa motsa jiki sun fara kuskure, kai kana nan daram. Ba banza ba manyan 'yan MotoGP, babbar gasar tseren babur ta duniya, suke atisaye da keke, Aleix Espargaró ma a cikinsu har an san shi da hawan keke.

Abin da zai cuce ka kuwa hannunka ne. Ka duba kekenka. Yawancin kekunan da aka haɗa wa Amurka da ƙasashen Turai birkin gaba yana hagu, na Ingila ne yake dama. A babur hagu kuloci ne. Ranar da ka firgita, hannun da ya saba shi zai riga tunaninka. Ni canza wayoyin birkin kekena na yi, na mai da na gaba dama, komai ya zama iri ɗaya. Na biyu, mu 'yan keke muna jin tsoron birkin gaba, don mun san yana iya wuntsila mutum ta saman kai. Babur ya fi tsawo, nauyinsa ya fi yin ƙasa, yana ɗaukar matsa fiye da yadda hannunka zai yarda da farko. Na uku, keke sakinsa ake yi ya gangara cikin kwana, shi kuwa babur ya fi zama daidai idan ka ɗan buɗe totur bayan ka gama kwantar da shi, kana ƙarawa sannu a hankali har ka miƙe.

Gundurar da titi ya yi maka kuma na fahimce ta. Nicky Hayden, zakaran MotoGP na 2006, ya yi shekaru yana tsere a filaye, amma a kan keke mota ta buge shi a titi kusa da Rimini ta Italiya a 2017, ya rasu bayan kwana biyar.

Sarkin Wuta 1000:

Ranka ya daɗe Dattijo, ban ƙi taka ba, amma a yi wa manyan babura adalci. Na yanzu suna da na'urar hana taya zamewa da ABS, mai hana birki kulle taya, da ke aiki har cikin kwana, suna kuma da yanayin da ake rage musu ƙarfi. Sannan ya danganta da filin. A fili irin Mugello na Italiya, da miƙaƙƙiyarsa ta haura kilomita ɗaya, inda ɗan MotoGP Brad Binder ya kai gudun kilomita 366.1 a awa a 2023, mai 400 zai kwanta a kan tanki ne yana jiran kwana ta zo. A ƙaramin fili mai kwanoni da yawa, na yarda, sun sha ba ni haushi, ka wuce yaro a miƙe ya dawo ya zagaye ka ta waje.

Dattijon Fili:

To ai ka gama ba shi amsa da bakinka. Na'urorin nan suna da kyau, sai dai suna gyara kuskure kafin mai shi ya san ya yi. Ya fara da wanda yake da shi, ya nemi fili mai yawan kwana.

Bakanike Na Gefe:

Oga, ga abin da masu duba babur za su nema da safe. Kada mai ko ruwa ya riƙa ɗiga ko'ina. Totur idan ka sake shi ya koma da kansa nan take. Sarƙa kar ta yi sako-sako, kar kuma ta ɗaure. Birki ka duba ko ya cinye, don wuni ɗaya a fili yana cin abin da titi zai daɗe bai ci ba. Man birki idan ya kai shekara biyu ka zubar ka sa sabo: man birki irin na DOT 4 yana shan danshi, sabonsa sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa tun wajen 155. Idan ya tafasa za ka ja hannun birki ya taho har jikin roba babu komai. Madubi da fitilu a manne su da salatef ko a cire. Wasu filayen suna so a zubar da ruwan lagireto mai sinadari a sa ruwa zalla, saboda idan ya zube a kwalta santsinsa ya yi yawa, wasu kuma suna auna ƙarar salansa. Ka tambayi masu shirya ranar tun kafin ka je.

Taya ba sai ka sayi ta tsere ba, mai kyau ta titi ta ishe ka. Ka dai duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Iskarta ana rage ta ƙasa da ta titi don zafi zai ƙara ta, amma ka bi abin da kamfanin tayar ya ce. Zagaye biyun farko na kowace shiga ka bi a hankali har ta ɗumama.

Kaya kuma: hular kwano mai rufe fuska duka, rigar fata ɗinki ɗaya ko biyu masu zif da ya zagaye ƙugu, abin kare gadon baya, safar hannu mai rufe wuyan hannu, takalmi mai rufe idon sawu. Ka kuma karanta takardar inshorarka, yawancinsu ba sa biyan abin da ya faru a filin tsere.

Mai Koren Babur:

Allah ya saka da alheri, Ninja ya tsira. Hajiya, na duba, nawa birkin gaban a hagu yake, zan kai a juya shi. Saura tambaya ɗaya: in hau babur ɗin zuwa filin, ko in ɗora shi a mota?

Dattijon Fili:

Idan da hali ka ɗora shi, ka kuma tafi da wanda zai tuƙo ku. Da yamma gajiya za ta yi maka yawa, kuma idonka ya saba da gudu, kilomita 100 sai ka ji kamar tafiyar ƙafa kake. Ko faɗuwa kaɗan ka yi, hannun birki ko abin taka giya ya karye, ba ka da abin komawa. Idan kuma dole sai ka hau shi, ka bar zagayen ƙarshe ka huta, ka ɓare salatef ɗin fitilu da madubi, ka jira taya ta huce ka mayar mata da iskar titi kafin ka fita ƙofa.