Ƙura Ko Kura? Musayar Baitoci a Kan Rubutun Waya

Baba Mai Alli, Tudun Wada (Laraba, bayan Isha'i)

Assalamu alaikum. Ɗazu jikana ya turo mini saƙo, ga shi yadda ya zo: "slm baba ykk xan xo gobe kura ta hanani fitowa". Shekara 31 na yi ina koyar da Hausa a firamare, amma sai da na karanta shi sau uku. Abin ya tsaya mini a rai, shi ne na ce bari in amayar.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba bawa basirar ganewa,
'Yan zamani ku zo mu yi zantawa,
Rubutunku bai yi mini daɗi ba.

Jikana ya ce kura ta tare shi,
Na zabura zan je in cece shi,
Ashe hazon hunturu ya rufe shi,
Bai sa wa "k" ɗin nan ƙugiya ba.

Baki daban ne, baƙi daban ne,
Fada ta sarki ce, faɗa na banza ne,
Koko na sha ne, ƙoƙo mazubi ne,
Wanda ya haɗe su bai kyauta ba.

Kada na kogi ya ba mu suna,
Daga jam'insa aka ce Kaduna,
Kaɗa kuwa aikin makaɗa ne, ɗana,
Ba a taɓa haɗa kogi da kalangu ba.

Ɗan Rigasa (bayan minti 20)

Baba ina wuni, ranka ya daɗe. Yau na sa ƙugiyar duka, don kada a ce rashin sani ne ya sa muke barin ta.

Baba ajiye jan biro ka huta,
Hirar waya ba maki a cikinta,
Jirgin Abuja ya iso, tasha ta cika da mutanenta,
Hannuna ɗaya na kan POS ne.

Kura a Tudun Wada, ina raminta?
Tun yaushe rabon a ji kukanta?
Ka gane maganar tun farkonta,
Neman abin faɗa kawai ne.

Gari na zama da garin tuwo,
Rubutunsu ɗaya daga nan har Kawo,
Ƙa'idarku ba ta raba su da awo,
Hankali ke raba su, haka ne.

Uwar Biyu, Rigasa

Allah ya ja zamaninka Ɗan Rigasa! Wannan ta gari da gari ta shiga har ɓargo. Mutanen Tudun Wada a fito a amsa in ana iyawa.

Telan Kasuwar Barci

Ke dai Uwar Biyu, ko tari ɗan unguwarku ya yi sai ki ce waƙa ce. Baba ya koyar da iyayen wasu da ke nan.

Goggon Malali (Alhamis da hantsi)

Ku bar ta kura, ni a kaina abin ya faru. Maigidana yana Legas ya turo kuɗin maganin mahaifiyarsa. Na kai mata har ɗaki, na dawo na ce wa autana ya rubuta masa cewa na ba ta. Yaron nan ya rubuta "na bata kudin".

Kuɗin magani na kai wa Inna,
Ta sa albarka, ta riƙe hannuna,
Yaro ya manne kalma biyu da sunana,
Maigida ya karanta "na ɓata".

Kwana uku yana ƙin ɗaga kirana,
Abinci ya ƙi wucewa a wuyana,
Sai da Inna ta kira shi a gabana,
Sannan ya san ashe na ba ta.

Ɗan Rigasa, kai da kake ta sauri,
Tazarar nan ba ta kai ƙwayar gishiri,
Ta kusa jawo mini babban hatsari,
Auren shekara 20 ya girgiza don rashinta.

Ɗan Rigasa

Goggo, Allah ya huci zuciyarki, wallahi ban ji daɗi ba. Amma dai:

Goggo ki yi haƙuri, zan faɗi gaskiya,
Laifin maigida ne da saurin zuciya,
Da ya kira ya tambaya tun da safiya,
Katin naira ɗari maganinta ne.

Wayoyin da muka taso da su a hannu,
Ba ƙugiya, sai danne-danne a sannu,
Nan "q" ta maye "ƙ", muka saba da junanmu,
Sabo ne Goggo, ba raini ba ne.

Goggon Malali

Yaro, bar maigidana a gefe. Mutumin da uwarsa ke kwance ba ya karatu da natsuwa.

Malama Ta Kabala

Ƙanena, uzurin waya ya daɗe da ƙarewa. Gboard, wato manhajar madannin rubutu ta waya, na da Hausa, ka shiga wajen harsuna ka zaɓe ta, ƙ da ɗ da ɓ duk za ka same su. Kuma ƙa'idar nan ba daga sama ta faɗo ba. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Abubakar Imam na editanta, iyayenmu da yawa a kanta suka ƙware a karatun boko. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa a nan Kaduna, a 1966 kuma aka zauna a Bamako ƙarƙashin UNESCO a kan haruffan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Mutane suka yi gumi a kan abin da muke zubarwa da babban yatsa.

Magabata sun dasa, sun yi ban-ruwa,
Mu 'yan baya muna ta sarewa.

Yaron da ya saba da "yazo" a manne,
Ranar jarrabawa hannunsa ba ya rabawa.

Ina duba takardun ɗalibai da idona,
"Xan" da "qasa" har insha'i suke shigowa.

Almajirin Aruli, Unguwar Sarki

Gafarta Baba, da girmanka. Mai gyaran rubutun wasu ya kamata karin waƙarsa ya tsaya. Baitinka na uku, ɗango na farko gaɓa 10 ne, na biyu gaɓa 12. Na auna shi da karuruwan aruli, wato ma'aunin waƙa na Larabci: na gwada shi a Mutadarak ya ƙi, na kai shi Ramal ya ƙi zama. Wane kari waƙar ta hau?

In za a auna harafi a auna kari,
Mudu ɗaya ake wa gero da maiwa a gari.

Telan Kasuwar Barci

Ana maganar ƙugiya kai kana ƙirga gaɓa da yatsa!

Ni ne mai awo a wannan zaure,
Tef a wuyana tun kafin in yi aure,
Riga in ta zauna, wa zai ce a warware?
Waƙar Baba ta zauna daram.

Almajirin Aruli

Tela, naka ma ɗangon ƙarshe ba amsa-amo. Kuma ba yawan gaɓa kaɗai ake dubawa ba, nauyinsu ake bi, mai nauyi da marar nauyi, tun daga Halilu ɗan Ahmad na Basra, wanda ya assasa ilimin aruli. A kan wannan malamanmu na ƙarni na 19 suka gina waƙoƙinsu.

Telan Kasuwar Barci

Makaɗan baka da suka cika fadoji da kasuwanni, wane ne a cikinsu ya je Basra? Kunne ke auna waƙa.

Uwar Biyu

Ashe mai jan biro ma ana ja masa! Almajiri ci gaba, muna bayanka.

Bakanon Mando

Ni dariya kuke ba ni. Ku da kuke cewa "mota ne", "mace ne", ku ne za ku yi faɗa a kan nahawu? Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka ɗora ta, a zo wajenmu a ɗauki karatu.

Telan Kasuwar Barci

Kananci a baki, amma injin da ya buga ta a Zariya yake. Ka koma Kurmi ka faɗa musu.

Uwar Biyu

A nan kam ina tare da Tela. Bakano ka ci ruwan Kaduna ka zo kana mana gori.

Malama Ta Kabala

Jama'a mun bar hanya. Daga ƙugiya mun koma aruli, daga aruli mun koma Kano da Zazzau.

Baba Mai Alli (Juma'a, bayan Asuba)

Jiya ban leƙo ba, ƙafa ta matsa mini. Almajiri ka yi gaskiya, ɗangon ya yi tsawo, na gode. Ga gyara: "Fada wuri ne, faɗa hali ne." Ƙirga ka gani, 10 ne. Batun Mutadarak kuwa, ban karanci aruli ba, da kunne nake yi. Yanzu ga ɗana na Rigasa, don maganarsa ta gari da gari ta kwana da ni.

Ɗana, batun gari ka yi gaskiya,
Tsawon wasali ba shi da shaida ko ɗaya,
To murhun da ya riga ya rasa dutse ɗaya,
In ka janye na biyu ba za a ci tuwo ba.

Kai ka san abin da kake nufi a ranka,
Mai karatu harafi kawai ya gani daga gare ka,
Saurin da ka yi, shi ka ɗora wa nauyinka,
Goggo ta ɗauka kwana uku, ba ta ji daɗi ba.

Almajirin Aruli

10 ne Baba, na ƙirga. Na uku fa? "Koko na sha ne, ƙoƙo mazubi ne" 11 ne.

Ɗan Rigasa (Lahadi da dare)

A gafarce ni, kwana biyu ba wuta a layinmu. Baba ban sauka daga kan bakana ba:

Hira da abokai ta gudu ce,
"Ykk" da "lfy" gaisuwa ce,
Duk wanda na tura wa ya san mece ce,
Wannan ba zan bari ba, tsakaninmu ne.

Sai dai auren ƙanwata ya taso, an ba ni rubuta kati, kuma kati dattawa za a kai wa. Don Allah duba mini kafin in kai wa mai bugawa gobe: "Ana gayyatarku daurin aure ranar Asabar da karfe 2:00 na rana a masallacin da ke akan titin tasha."

Goggon Malali

Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. A aje mana goronmu.

Baba Mai Alli

Allah ya sa albarka, ɗana. Uku ne. "Ɗaurin aure" da ɗ, "ƙarfe" da ƙ. Sannan "akan" a manne ta abin da aka saba yi ce, kamar "akan yi hazo a hunturu". Ta wuri a rabe take, "a kan", amma a jimlarka ma "da ke kan titin tasha" ya wadatar. Ka duba wajen mai bugawa da idonka, wasu injinansu na mayar da ƙugiya ɗan akwati.

Malama, jikan nawa ya zo jiya. Ki sake rubuto mini matakan nan na Gboard ɗaya bayan ɗaya, wayarsa na hannuna kafin ya koma.