Haƙƙi Ne ko Sadaka? Muhawara Kan Kuɗin Rashin Aiki a Jamus

Ɗan Kumasi: Jama'a, shekara uku na yi ina ɗaukar kaya a wani kamfani a Hambug, kuma kowane wata sai an cire kuɗin inshorar rashin aiki daga albashina. Da wulaƙancin shugaban sashenmu ya ishe ni na ajiye aikin, sai ga takarda daga hukuma cewa ba zan ga ko sisi na kuɗin rashin aiki ba sai bayan mako 12. Wannan ba danne haƙƙi ba ne?

Alhaji: Ƙanena, ka daina kiransa haƙƙi. Abin da hukuma ke miƙa wa mai ƙarfi a jika yana zaune a ɗaki sadaka ce.

Hajiya: Alhaji, da girmanka, wannan magana ba haka take ba. Kashi 2.6 cikin ɗari na albashi ake zubawa, rabi daga ma'aikaci, rabi daga kamfani, kuma sai wanda ya zuba na wata 12 cikin wata 30 da suka wuce ake ba kashi 60 na abin da yake karɓa a hannu, ko 67 idan yana da ɗa. Adashe ne, kwasarsa ce ta zo.

Badamagare: Wane irin adashe ne wanda mutum zai zuba har ya tsufa bai kwasa ba, don kawai bai taɓa rasa aiki ba?

Alhaji: Ai Hajiya ba ta taɓa ganin laifin ɗan Kumasi ba. Haka ta yi ranar rabon naman layya.

Hajiya: Tun da ka tono zancen layya, a fito da lissafin kuɗin ragunan kowa ya gani.

Ɗalibi: Iyayena, dokar ta ce wanda ya ajiye aiki da kansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba shi ake dakatarwa, kuma yana da wata guda ya ɗaukaka ƙara a rubuce. Yaya ɗan Kumasi, ka je wurin likita lokacin da wulaƙancin ke damunka, ko ya zama maka hujjar dalili?

Badamagare: Har yanzu ba a amsa mini batun adashen ba.

Shugaban zaure: An rufe muhawara. Mafi yawan masu hankali sun gamsu da bayanin Alhaji, yayana kuma dattijonmu, cewa sadaka ce. Hajiya ta kawo wasu alƙaluma. Maganar raguna sai ranar taro.