Neman kalma: faifan da ke fitar da zafi daga jikin kumbo

Ɗan Kumbo: Assalamu alaikum. Gobe da dare zan ɗauki muryar bidiyon da nake koyar da wasan Kerbal Space Program, wasan kwamfuta na haɗa kumbo da harba shi sararin samaniya, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Tun zubin 1.0 na 2015 zafi ke hallaka kumbo a wasan nan. Ka bar injin nukiliya ya daɗe a kunne, ko ka kusanci rana da yawa, sai layin gargaɗi ya fito a kan sashen, ya yi ja, ya fashe. Maganinsa wasu faifai ne da Turawa ke ce wa radiyeta. Akwai kafaffu, masu janye zafin sassan da ke kusa da su kawai, akwai masu buɗewa kamar fiffike, masu ja daga kumbon gaba ɗaya. "Na'urar sanyaya" na rubuta, amma ba ta kwanta mini ba.

Bakanike: Wa alaikumus salam. Lagireto mana, ƙanena. Kalmar ta daɗe a bakinmu. Kumbon kuma ka ce ya ɗauki zafi, kamar yadda muke cewa mota.

Malamar Fizis: "Ɗaukar zafi" ta yi. Lagireto ce nake jin tsoro. A mota ruwa ke kwaso zafin injin, fanka ta hura iska ta tafi da shi. A sararin samaniya wace iska za a hura? Hanya ɗaya ta rage wa zafi, ya fita a matsayin hasken da ido ba ya gani, irin wanda ke dukan fuskarka in ka tsaya nesa da wuta. Shi ya sa faifan ke da faɗi haka. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da ammoniya take kai zafi zuwa manyan faifanta, jiragen shotul na Amurka kuwa, kafin a daina aiki da su a 2011, sai sun buɗe ƙofofin ɗakin kaya in sun shiga falaki, don faifan a cikin ƙofofin suke. Yaro ya ji lagireto, fanka zai fara nema.

Malam Nahawu: Malama ta ba da amsa ba ta sani ba. Abin da ke dukan fuska daga wuta ai huci ne. Muna da huci, muna da hucewa. Sai mu bi tsarin mabuɗi, madubi, mazubi, mu ce MAHUCI. Jam'i mahutai. Gajeriya ce, tamu ce, ba mu yi bara a ƙofar kowa ba.

Ɗan Kumbo: Kai, wannan ta yi daɗin faɗa, Malam.

Uwar Tagwaye: A dakata. A bakin Hausawa da yawa mahuci ko muhuci shi ne mafici, abin fifita. Mun guje wa fanka mun faɗa kan abin da aikinsa kaɗa iska ne kawai.

Malam Nahawu: Hajiya, kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu, mahalli ke rabewa. Wuya na jiki ne, wuya ta wahala ce, wa ya taɓa ruɗewa? Abin da ke ci mini rai shi ne duk wanda ya kawo kalmar gida sai an yi mata binciken ƙwaƙwaf, amma lagireto, da harshe ya murɗe daga Turanci, an buɗe mata ƙofa ba ko sallama.

Bakanike: Ranka ya daɗe, littafi da alƙalamin da kake aiki da su daga Larabci suka zo. Shi ke nan aro daga Larabci ado ne, namu na gareji bara? Mu da hannunmu ke cikin baƙin mai mu muka raɗa wa kayan nan suna, ba mu jira kwamiti ba.

Malam Nahawu: Ban raina sana'ar kowa ba. Shekara talatin ina koyar da harshen nan, ina da ikon in ji ciwonsa.

Malamar Fizis: Su ma Turawan daga Latin suka samo tushen kalmar, daga ma'anar tsirkiyar haske. Mu koma kan bawan Allah mai jiran gobe. Ni huci na karɓa hannu biyu, don zai ba shi damar bayyana abin da ke ɗaure wa 'yan wasa kai. Faifai mai sanyi kusan ba ya fitar da komai. In zafinsa ya ninka biyu a ma'aunin Kelbin, mai fara ƙidaya daga ƙarshen sanyi, hucin da yake fitarwa sau 16 yake ninkawa. Ka ga "na'urar sanyaya" za ta sa a zaci faifan sanyi yake yi, alhali sai ya yi zafi yake aiki.

Uwar Tagwaye: To a ce faifan huci. An ɗauki saiwar Malam, an bar mafici a inda yake.

Malam Nahawu: Kalma biyu a gurbin ɗaya. Bayani ne wannan, ba suna ba.

Ɗan Kumbo: Na gode muku duka. Ga abin da zan faɗa gobe: kumbo ya ɗauki zafi, faifan huci kafaffe, faifan huci mai buɗewa. A ambaton farko zan ƙara da cewa shi ne lagireton kumbo, sai dai ba fanka ba iska, don Yaya Bakanike ya yi gaskiya, nan take za a gane. Wanda ake sawa a gindin kumbo lokacin shigowa iskar duniya kuma garkuwar zafi na kira shi, don shi tarewa yake yi.

Malam Nahawu: Garkuwar zafi ba ni da ja. Faifan huci na bar muku, tunda aikinka ne, amma a nawa rubutun mahuci zan ci gaba da sawa.

Ɗan Kumbo: Allah ya ƙara girma, Malam. Saura sinadarin jikin garkuwar, wanda ke ƙonewa yana zaizayewa ya tafi da zafin. Akwai mai kalma kafin la'asar?