Masu shago a Amurka, ya harkar katin kiran waje na 'yan Latino take ne?

Ɗan_Zango:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara. Yayana ya tafi gida ya bar min riƙon ɗan shagonsa a nan Bronx ta birnin New York, kuma duk wanda ya san unguwar ya san mutanenmu ba su ne masu yawa ba, sama da rabin Bronx 'yan Latino ne, wato masu asali da ƙasashen Latin Amurka, kwastomominmu yawanci 'yan Dominika ne da 'yan Meksiko sai 'yan Honduras jefi-jefi. To wani dillali ya zo ya ce mu fara sayar da katin kiran waje, zai kawo mana fosta da na'urar da ake tura kiredit, mu riƙa cin kamasho. Fostar duk da Sifaniyanci aka rubuta, ga tutoci, ga dala 2 da mintoci ɗaruruwa da manyan haruffa. Ni abin da ya ɗaure min kai biyu ne, ta yaya kamfanonin nan suke jawo mutanen nan har yanzu bayan kowa na da WhatsApp, sannan mintocin nan gaskiya ne kuwa? Bana son in ci haƙƙin kowa wlh.

BabaNaNewark:
Wa alaikumus salam ɗana. Na yi rabon katin nan shago-shago shekaru da dama kafin gwiwa ta hana ni, bari in faɗa maka yadda abin ya samo asali. Bayan an farfasa babban kamfanin waya na Amurka AT&T a 1984 sai kasuwar kiran nesa ta buɗe, ƙananan kamfanoni da ba su da turakun waya ko ɗaya suka fara sarin mintoci daga manya irin su AT&T da MCI da Sprint su sayar da sunansu. Tunda duk hajar iri ɗaya ce, minti minti ne, to ba abin da za ka yi gasa da shi sai farashi da kuma yadda ka iya shiga ran mutum. Nan ne suka gano 'yan Latino, mutane ne masu yawa, ƙidayar 2020 ta ce sun haura miliyan 62, kuma kusan kowa yana da uwa ko mata ko 'ya'ya a can gida da dole ya ji muryarsu.

A wani lokaci da lambobin 10-10 aka yi ta yi, ka danna lambar kamfani kafin lambar da za ka kira sai kiran ya bi ta wajensu ba tare da ka canza kamfanin wayar gidanka ba. Americatel na Miami da 10-10-123 ɗinsu ai da masu jin Sifaniyanci suka gina kasuwarsu kacokan. Amma kati ne ya mamaye, domin kati baya neman asusun banki, baya neman takardun zama, ba kwantiragi, ka ba da tsabar kuɗi a kanta ka kankare lambar sirri shi kenan. Mutumin da ya shigo ƙasa jiya ma zai iya saya.

Amma sirrin tallar shi ne ba sa yi wa "Latino" talla a dunƙule. Ƙasa-ƙasa suke bi. Katin ɗan Meksiko daban da launin tutarsu kore da fari da ja, na ɗan Dominika daban, wani da hoton ƙwallo wani da hoton tsohuwa riƙe da waya tana murmushi, alhali sau da yawa kamfani ɗaya ne ya buga su duka. Su sa talla a tashoshin talabijin na Sifaniyanci irin su Univision da Telemundo lokacin wasan ƙwallo ko wasan kwaikwayonsu na dare, su sa a rediyon Sifaniyanci, kuma in ka kira layin ƙorafi da yarenka za a amsa maka. Sannan sun san kalandar mutanen fiye da yadda kake zato. Ranar iyaye mata a Meksiko da Gwatamala da El Salbado 10 ga Mayu ce kowace shekara, ta 'yan Dominika kuma Lahadin ƙarshe ta Mayu, ga bikin addinin 'yan Meksiko na 12 ga Disamba, ga daren jajiberin Kirsimeti 24 ga Disamba na kowa da kowa. Kafin waɗannan ranaku muke cika mota da sabbin fostoci, domin kati ƙarewa yake a shaguna kamar goro ranar ɗaurin aure.

Kai mai shago kuma kai ne babbar tallarsu. Mutum zai shigo ya ce wanne ne mai kyau na kiran garin Santiago, abin da ka miƙa masa shi zai ɗauka. Shi ya sa dillali yake lallaɓa ka.

HajiyaMaiShago:
Baba ya faɗi gaskiya amma ni tambayarka ta biyu ce ta fi damuna, ƙanena ka buɗe ido sosai. Wancan babban adadin da ke jikin fosta yawanci sai in mutum ya ƙarar da katin gaba ɗaya a kira guda, kuma zuwa wayar gida a babban birni, ba wayar hannu a ƙauye ba. Juya fostar ko ka duba can ƙasa inda aka yi rubutu ƙanana, nan za ka ga kuɗin haɗa kira, da kuɗin ajiye waya bayan ka gama, da wani kuɗin da ake zarewa duk mako ko ka kira ko ba ka kira ba, sannan wasu in ka yi magana minti ɗaya da ɗoriya sai su lissafa maka uku. Wani lokacin ma manyan haruffan da Sifaniyanci ne ƙananan kuma da Turanci, ka ga ai da gangan ne.

Ba zancen kasuwa nake maka ba, hukumar sadarwa ta Amurka FCC a 2015 ta ci kamfanoni shida tarar dala miliyan 30, kowanne miliyan 5, a kan irin wannan tallar ta yaudara, kuma baƙi 'yan ci-rani su ne aka fi cuta.

Akwai wata mata 'yar Gwatamala da ke aikin wanki kusa da ni, ta taɓa sayen katin dala 5 a wajena don ta ji jikin mahaifiyarta da ke kwance, ta yi kira ɗaya gajere ta ajiye sauran sai ranar Lahadi, ranar Lahadi ta dawo tana nuna min katin hannunta na rawa wai an ce mata saura minti kaɗan. Kamfanin bai san fuskarta ba, ni ta sani. Na mayar mata da kuɗinta na kwashe katin nan gaba ɗaya daga kanta. Tun daga nan duk wanda dillali ya kawo sai na sayi ɗaya da kuɗina na ba wani amintaccen kwastoma ya gwada kira biyu uku a ranaku daban-daban ya faɗa min abin da ya samu, kafin in rataye fosta.

Abba_Waya:
Ranka ya daɗe Baba, da girmamawa, zamanin katin kankarewa ya kusa wucewa fa. Ina aiki a shagon waya kuma abin da nake gani daban ne. Kiran Meksiko kusan kyauta ya zama, tun 2015 kamfanin waya na T-Mobile ta haɗa Meksiko da Kanada cikin tsarinta na wata, a shekarar ne kuma AT&T ta sayi kamfanonin waya na Iusacell da Nextel na Meksiko, WhatsApp ma a shekarar ya fara kiran murya. Ɗan Meksiko mai layin wata ba ruwansa da kati yanzu.

Abin da ke tafiya shi ne tura kiredit zuwa wayar ɗan'uwa a can, su suna ce masa recarga. Mutum ya ba ka dala 10 da lambar matarsa ta layin can gida irin Telcel ko Tigo ko Claro, ka danna a na'ura, kafin ya fita ƙofa saƙo ya shiga wayarta, sai ta sayi data su yi WhatsApp ɗin. Kenan WhatsApp bai kashe kasuwar ba, juya ta ya yi. Shi ya sa kamfanin katin kira na IDT da ke Newark suka koma tsarinsu mai suna Boss Revolution, kira ba lambar sirri, lambar wayarka ce asusunka, kuma suka haɗa da tura kiredit da tura kuɗi a wuri ɗaya. Tallar yanzu garaɓasa ce, tura kaza a ninka maka, musamman Kyuba da kiranta ke da tsada sosai, duk lokacin da ETECSA, kamfanin wayar Kyuba, ta sa garaɓasa za ka ga mutane suna tambaya.

Wani abu kuma tunda 'yan Dominika ne suka fi yawa a wajenka, lambobinsu 809 da 829 da 849 suna kama da na Amurka sak, amma kiran waje ne ana caji, saɓanin Puerto Rico da yawancin layuka ke ɗauka kamar cikin gida. Sabbin zuwa suna ƙonewa a nan sosai, in ka yi musu bayani sun zama naka.

Masu sayen mintoci har yanzu akwai, masu kiran tsofaffi a ƙauyen da intanet ba ya kaiwa ko wayar gida, amma ba za su riƙe maka shago ba.

Ɗan_Zango:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Kenan in karɓi na'urar in bar fostar tukuna? Hajiya kamashon fa, yana taka kara ya karya?

HajiyaMaiShago:
Kamashon kaɗan ne gsky, kar ka sa rai da shi, ribar tana cikin madara da burodi da sabulun da mutum zai ɗauka tunda ya riga ya shigo. Ka karɓi na'urar amma ka tambayi dillalin a rubuce nawa ake zara a kan kowace dala 10 kuma wa zai biya in kiredit bai shiga ba. Sannan kullum ka sa kwastoma ya rubuta lambar da hannunsa a takarda ka karanta masa ita kafin ka danna, domin in ta tafi lambar wani ba ta dawowa, kuma ka koyi ƙirga ɗaya zuwa goma da Sifaniyanci tun yanzu, za ka buƙace shi kullum.